Rumfar da Na Zaci Tawa Ce

Akwai wata Asabar ta tsakiyar bazara da ba zan taɓa mantawa da ita ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin shekarata biyu da canjin wurin aiki daga Nguru zuwa Gashua. Iyalina suna Nguru, ni kuma ina wani ɗakin haya, daga ni sai katifa sai risho. Mutanen gari ba su yi mini komai ba, ni ne dai irin mutumin da in ya je majalisa yake rasa inda zai ajiye hannunsa. Daga ofis sai ɗaki. Da likita ya ce jinina yana hawa, in riƙa motsa jiki, sai na kama gudu hannu bibbiyu, don aƙalla na samu abin yi.

Da gudun ya shiga jikina sai na ɗauko dogon buri, wai ni zan je Legas gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu. Na gaya wa maiɗakina a waya. Sai ta ce, "Abban Hauwa, in kewa ce take damunka ka faɗa mini kawai." (Ta fi likitan gane ciwon, amma ban nuna mata ba.)

Ana haka wata ƙungiyar matasa ta shirya tseren kilomita ashirin da ɗaya: a tashi daga bakin gari, a miƙe titin Nguru, a juyo. Na ce ga gwajin da nake nema. Na gayyaci abokan aikina uku su zo su tare ni, dukkansu suka ce "in sha Allahu", irin wadda kana ji ka san ba za ka ga ƙeyar mutum ba. Gaskiyar magana ba kyauta nake so ba. So nake in iso in tarar da wani a tsaye yana jirana, ya ce mini sannu. Ina da shekara arba'in da huɗu, amma abin da nake so ke nan.

An ce ƙarfe shida za a tashi, ba a tashi ba sai wajen takwas, ana jiran babban baƙo. An kafa rumfar haya mai shuɗi da fari a gefen titi, da fararen kujerun roba, aka ce nan ne mafari, nan ne ƙarshe. Na cire tabarau na sa a aljihu saboda gumi yana zame shi (in babu shi, daga taku goma ba na bambance akuya da tunkiya). Aka busa usur. Abokan tseren yawanci 'yan jami'a ne, cikin minti biyar suka ɓace mini.

Daga nan sai ni sai kwalta. Rana ta buɗe, zafi yana tasowa ta ƙasan takalmi. Wata a-kori-kura da ta sha lodin buhunan barkono ta wuce ta bar ni da atishawa. Ban yi nisa ba na fara gamuwa da yaran suna dawowa, wani har ya ce, "Baba, a yi a hankali." Da na kai wurin juyawa, mai raba ruwa ya riga ya tafi, babu komai sai ledoji a ƙasa da wani dutse da aka shafa wa fenti. Na zagaye dutsen ni kaɗai, babu mai shaida. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wurin nan ba, har na ji ina so in zauna in yi kuka. Abin da ya hana ni shi ne tunanin rumfar nan da mutanen da ke cikinta.

Rana ta kusa tsaka na doso bakin gari, ina jan ƙafa, harshena kamar busasshen kifi. Sai na hango shuɗi da fari. Rumfar cike da mutane, kuma duk sun ɗaga hannuwa. Na ce a raina, ashe sun jira ni. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Ban san inda ƙarfi ya fito ba, na kwasa a guje, na ɗaga hannu biyu sama, na faɗa tsakiyar jama'a ina cewa da iyakar muryata, "Alhamdu lillahi! An gama, an huta!"

Ba wanda ya tafa. Abin da na ji kawai shi ne muryar liman yana ƙarasawa a hankali: "Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. Fatiha."

Na lalubo tabarau na saka. Dattawa ne cikin manyan riguna a kan tabarmi, suna shafa addu'a suna kallona. Ni kuma ga ni tsaye da gajeren wando, gwiwoyi a waje, da takardar lamba a ƙirji. Daga baya na ji yadda aka yi: an gama tsere tuntuni, an raba kyaututtuka, an watse, mai haya ya kwance rumfarsa ya kafa ta a ƙofar wannan gida, inda aka yi rasuwar wani tsohon masunci aka kai shi da safen nan.

Wani daga cikin 'ya'yan mamacin ya miƙe, idonsa jawur. "Malam, lafiyarka ƙalau? Wa ya huta?"

Na fara ja da baya. Sai wani dattijo da ke jingine da bango, wanda na gane daga baya yayan mamacin ne, ya ɗaga masa hannu. "Zauna, Modu." Ya dube ni. "Daga ina, ɗana?"

"Hanyar Nguru, Baba."

Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji, daga hanyar Nguru, a ƙafa, cikin wannan rana. A ba shi wuri." Nan take aka hau cewa "Allahu akbar" da "Allah ya ba da lada", aka matsa mini kusa da shi. Wannan kunyar ta fi ta farko, don yanzu na zama ɓarawon lada. Ya ɗauko dardumarsa ya rufa mini gwiwoyi, ya miƙo mini kofin ruwa. Na sunkuya na ce, "Baba, gaskiya ni tsere nake yi, ban ma san an yi rashi ba."

"Na sani," in ji shi, a hankali yadda ni kaɗai zan ji. "Tun hantsi 'yan uwanka suka wuce. Kai ne na ƙarshe?"

"Ni ne."

"Ba wanda ya jira ka?"

Na girgiza kai, na kurɓi ruwan.

"To zauna. Mu ma zaman muke yi."

Na zauna har aka kira Azahar. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya bi layi ya miƙo mini hannu ya ce, "Ya haƙuri?" ni kuma in amsa da "Da godiya", kamar ɗan gida. Hannuwan da na gaisa da su a ranar sun fi waɗanda na taɓa a shekara biyu. Layin ƙarshe na gaskiya yana can gaba kaɗan, ban taɓa tsallaka shi ba, don haka a takardar masu tsere har yau ban dawo ba.

Ranar sadakar uku na koma da babbar riga, na nemi gafarar Modu. Yanzu a ƙofar Baba nake yin yammacina, kuma duk unguwar ba wanda ya san sunana na yanka, Malam An-Huta ake ce mini. Legas kuwa har yanzu ana shiri.

Abin da na koya bai da yawa, amma na sha rana kafin in koye shi. Na shekara biyu a gari ban taɓa taka ƙofar kowa na ce masa ya haƙuri ba, sannan ina fushi ba a zo an tare ni ba. Sai da na yi gudun kilomita ashirin kafin in je ta'aziyyata ta farko a Gashua, ita ma bisa kuskure.