Ɗorawar Goggo Ta Cika Shekara Ɗaya

Jama'a, barkanmu da war haka. Ni dai wannan makon muciya na sha, kuma ba da wasa ba. Goggo Lantana, yayar mahaifina, ita ta biyo ni da ita tun daga zaure har bakin rijiya, tana duka tana tambaya, ni kuwa ina gudu ina ba da amsa, matan unguwa suna leƙe ta katanga suna yi mata kirari. Laifina guda ne: na shafa wa ɗorawarta jan fenti.

Ku dakata ku ji kafin ku ce ta yi daidai. Kwamitin Korar Hamada ne ya sake sauka a Kwanyawa, Allah ya ƙara masa motoci. Mu nan ƙasar Karaye ba mu taɓa ganin hamada ido da ido ba, rake ma muke nomawa a fadama, amma an tabbatar mana tana nan tafe, kuma manya sun lashi takobin a nan za su tare ta. Bara ma sun zo. Mai Girma Uban Dashe da kansa ya sunkuya ya binne wani ɗan tsiro mai ganye kamar kunnen ɓera, aka zuba masa ruwa ya wanke hannu, aka yi tafi, aka watse. Kafin ƙarar motarsa ta ɓace awakin gari sun gama nasu bikin.

Bana da aka ce ana neman masu haƙa ramuka, sai na ce ga ni. Na gwada faci, na gwada kwandasta, na gwada tallan kalanzir, babu wadda ta riƙe ni, to me zai hana in gwada yaƙi da hamada? Da aka ji na taɓa zama a aji sai aka yi mini ƙarin girma nan take: aka karɓe diga, aka miƙo mini gwangwanin fenti. Duk abin da igiyar awo ta ci karo da shi in sa masa alama a cire. Na sa wa kututture, na sa wa suri. Igiya ta tafi ɗoɗar ta daki ɗorawa. Na waiga hagu, na waiga dama, na shafa.

Filin gonar Baffa Aƙilu ce, ƙanin Goggo, kuma da murna ya ba da aronta tunda an yi masa alkawarin taki. Sai dai ɗorawar da ke tsakiyarta ba tasa ba ce. Da aka raba gadon kakanmu, ƙasa ta faɗa hannun Baffa, itace ya faɗa hannun Goggo. Shi ya nomi ƙasan, ita ta ci saman, haka ake yi a nan tun kafin a haife mu. Kalwar wannan ɗorawa Goggo take dafawa ta yi daddawa, daddawar ce cinta, ita ce suturarta, tun ranar da mijinta ya rasu. In itacen ya faɗi, Goggo ta koma jiran abin da ɗan'uwa zai miƙo, ita da ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba.

Baffa ya je ya durƙusa gaban jami'in da ke shirya biki, wanda za mu kira Alhaji Sarkin Tsare-tsare.

"Ranka ya daɗe, gonar tawa ce, amma itacen na yayata ne."

"To a iska ya tsiro?" in ji Alhaji. "Mu gona muka nema, gona aka ba mu. Mai Girma ba ya dashe a karkace. Nan layi zai bi, nan kuma rumfa za ta zauna. A sare."

Kun ji hikima. Za a sare itace don a sami wurin zaman masu kallon dashen itace. Wallahi ilimi daɗi gare shi, ban san me ya sa na baro shi da wuri ba.

Da kafaɗata a kumbure na tafi neman Dakta Abdulsalami, mai ba manya shawara kan kimiyya da muhalli. Siririn mutum ne mai tabarau, ya yi karatun itatuwa har ƙasashen da ake sanyi. Na same shi a gindin ɗorawar kanta, ya cire takalmi, yana ɓarar gyaɗa.

"Dakta, ka ce wani abu mana. Kai ne mai shawara."

"Ɗanmaliki, na ce. Na ce musu wannan ɗorawa ɗaya ta fi duk tsiron da za su kawo amfani, inuwa ce, taki ce, abinci ce. Bara na ce a kewaye tsirrai saboda awaki. Na ce a sa mai ban ruwa."

"Suka ce me?"

"Suka ce madalla da wannan shawara. A ofishinmu, in ka ga an aiko a kira ni, to an riga an gama yanke magana, so ake a ce an tuntuɓi masani. Gyaɗa?"

Na karɓa. Mutumin kirki ne, sai dai an ajiye shi kamar agogon bango a gidan da kowa rana yake dubawa.

Aikin sara kuwa Ɗantala mai gatari aka ba. Ɗantala miyar da babu daddawar Goggo ba ya shanta, don haka ya shiga wasa gatari. Yau yana wasawa, gobe ƙota ta yi sako-sako, jibi an yi masa rasuwa a Jajaye, rasuwar da har yau mutanen Jajaye ba su ji labarinta ba. Haka ya yi ta ja har safiyar biki. Goggo kuma ta kwaso murhunta da tukunyarta ta kafa su a gindin itacen, ta ɗora kalwa, ta zauna ta miƙe ƙafa.

"In za ku sare, ku haɗa da ni," ta ce. "Kai kuma Ɗantala, kar ka ji kunya. Ni na riƙe uwarka ranar da aka haife ka, to ka ɗaga gatarin in gani."

Alhaji Sarkin Tsare-tsare ya iso yana huci. Motar tsirrai ba ta zo ba, tana can cikin layin mai a hanyar Gwarzo, direban har ya yi abokai a wurin. Ramuka sun buɗe baki babu abin sawa, ga tsohuwa da tukunya a inda kujerar Mai Girma za ta zauna. Ya daka wa Ɗantala tsawa. Ɗantala ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gatari sama, ya rufe ido. Goggo ta daina fifita wuta.

Sai jiniya.

Jama'a, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin manya ya faru: Mai Girma ya iso kafin lokaci, wai yana da ɗaurin aure a gaba. Makaɗa ba su gama ɗaure ganga ba, 'yan makaranta suka fara waƙar maraba daga tsakiya. Ya fito cikin babbar riga mai ɗaukar ido, ƙamshin turarensa ya yi karo da na kalwar Goggo a tsakiyar fili, ba a san wanda ya ka da wani ba. Mai ɗaukar hoton talabijin yana biye da shi. Ya dubi ramuka, ya dubi jama'a, ya yi murmushi.

"Kafin mu fara, ina itacen da na dasa bara? Ina son mutanen jiha su ga ci gaba."

Wata akuya da ke bayan rumfa ta sunkuyar da kai, na rantse ita ce ta cinye shi. Alhaji Sarkin Tsare-tsare ya yi abin da suka saba yi in ruwa ya ƙare musu.

"Ranka ya daɗe, ga masani nan."

Dakta ya gyara tabarau. Ya dubi Goggo, ya dubi gatarin da ke sama. Ya ɗaga hannu a hankali ya nuna ɗorawa.

Mai Girma ya ɗaga kai, ya ci gaba da ɗagawa har sai da ya dafe hula. Itacen da mutum uku ba sa iya rungumarsa.

"Masha Allah! Dakta, a shekara guda?"

"Hannu ne, ranka ya daɗe. Akwai mai hannun dashe."

"Na sha faɗa musu!" in ji Mai Girma. Ya juyo wajenmu. "Ko ba haka ba, jama'a?"

To ku faɗa mini, a garinku wa yake ce wa babban baƙo ba haka ba? Gaba ɗayanmu muka amsa, "Haka ne, ranka ya daɗe!" Wani dattijo da aka yi wa kaciya a inuwar wannan ɗorawa ya fi kowa ɗaga murya. Baffa Aƙilu ya ce shi a gabansa ta yi ta girma, kullum sai ya matsar da kunyar shuka. Maroƙi ya kama: "Mai dasa yau a sha inuwa gobe!" Goggo ta yunƙura za ta ce kakanta ne ya dasa, na taka mata bakin zane, ta harare ni, ta haɗiye kakan nata.

"Wannan kuma me yake yi da gatari kusa da itacena?"

Ɗantala har lokacin hannunsa yana sama. Ya buɗe ido ɗaya.

"Gadi, ranka ya daɗe."

"Madalla! Jan fentin fa?"

"Alamar nasara ce," in ji Dakta. Ni kuwa na ƙara fito da ƙirji.

Nan take Mai Girma ya ba da umarni: a kewaye da waya, a kafa allo da sunansa, kuma duk wanda ya tsinki ko ganye ɗaya a kai shi gaban alƙali. Aka yi tafi. Goggo ba ta yi ba. Itace ya tsira, amma an raba ta da shi, daddawa ta tafi ke nan. Na ga ta dafa ƙasa za ta miƙe.

Dakta ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar shawara. Itacen da ya yi irin wannan saurin girma, ƙashinsa bai yi ƙwari ba. In ya yi 'ya'ya aka bar masa su, nauyi zai karya shi. Dole duk bazara a sauke masa su tas, a kwashe su daga wurin. Aiki ne mai wahala, sai wadda ta ƙware." Ya nuna Goggo. "Wannan baiwar Allah ta yarda ta riƙa yi, ba ta neman komai."

Mai Girma ya dubi Goggo cike da tausayi.

"Iya, za ki iya kuwa?"

"Zan daure, ɗan nan," in ji Goggo. "Saboda ƙasa."

Aka sa ta tsaya kusa da shi aka ɗauki hoto, aka ce sauran mata su yi koyi da ita. Dakta ya koma gefe ya zauna a kan bokiti, ya cire tabarau yana goge ido. Na tambaye shi lafiya. Ya ce tunda ya kama wannan aiki yau ne karo na farko da aka ɗauki shawararsa, kuma ita kaɗai ce wadda babu kimiyya a cikinta. Yanzu an umarce shi ya koya wa sauran gundumomi yadda ake yi, har mutanen Rogo sun aiko tambayar irin takin.

Mabuɗin ƙofar waya yana ɗaure a bakin zanen Goggo. Ɗantala yana gadi, wato yana barci a inuwa da izinin hukuma. Motar tsirrai ta iso bayan kowa ya watse, awaki suka tarbe ta a madadin al'umma.

Na ji an ce wata mai zuwa Mai Girma zai koma duba ɗakin haihuwar da ya buɗe bara, inda ya ɗauki wani jariri aka yi masa hoto. Na shawarci Baffa Aƙilu ya aske gemu ya zauna kusa, ko da za a tambayi inda jaririn yake.