Takalmin Farfesa Kwana-Uku

Kai, Allah ya yi wa ƙauyen nan na gindin dutsen Merapi baiwa da ya ba shi Pak Darmaji, shugaban makarantar firamare. Kwana uku kacal ya yi a wani taron bita a Jakarta, amma ya dawo da ilimin da wani sai ya shekara talatin bai ji ƙamshinsa ba. Shi ya sa ake kiransa Farfesa Kwana-Uku, a bayan idonsa dai.

Tsarabar da ya kawo sunanta "jarin al'ada".

"'Ya'yan manoma kawunansu fanko ne," in ji shi a taron iyaye. "Ni zan ɗura musu wayewa!"

Iyaye suka yi tafi, don a Jawa ba a kunyata babba a bainar jama'a.

Duk Asabar sai darasin wayewa. Yara suka koyi yanka soyayyen tempe, wato curin waken suya, da wuƙa da cokali mai yatsu, suka koyi tari cikin hankici. Kiɗan gamelan kuwa, na kayan tagulla da ake jerawa a ƙasa a buga da sanda, wanda kowannensu ya tashi yana ji a gidan kakansa, Farfesa ya ce hayaniyar tukwane ce.

Shi fa ba yaran ne a gabansa ba. Kujerar sufeton makarantu yake hari a birni, mai mota da direba, kuma kwamitin da zai tantance shi yana tafe. Ana saura mako guda ya ji cewa shugabar kwamitin, Bu Retnaningsih, ba ta da abin so kamar gamelan. Nan take tukwane suka zama gadon kakanni! Ya garzaya wurin Mbah Karso, tsohon da ke riƙe da kayan kiɗan ƙauye, ya aro su. Yaran ko horo ba su nema ba, dama sun iya.

Ranar biki Farfesa ya fito cikin kwat da sabon takalmi mai ɗaukar ido. Bu Retnaningsih ta tuɓe nata, ta zauna a tabarma. Yara suka zauna bayan kayan kiɗa.

"Ranki ya daɗe," in ji Farfesa, "abin da za ki ji yau gumina ne. Da na zo, waɗannan ba su san dama da hagu ba."

Lasifikar da zai yi jawabi da ita tana can ɗaya gefen kayan kiɗan. To, ko ɗan goye ya san ba a tsallake gamelan. Zagayawa ake yi, ba takalmi, a sunkuye. Amma ina, ganga ta cika ƙara don cikinta ba komai. Gogan naka ya ɗaga ƙafa ya tsallake jeri ɗaya, ya tsallake na biyu, ya jingina da babban gong, faifan tagullar nan da ke rataye, ya shiga jawabi kan martabar al'ada.

Yara suka ajiye sandunan kiɗa.

"Ku buga mana!" ya daka musu tsawa. Ba wanda ya motsa. Tsoro ya kama shi, gumin gaske ya karyo masa.

Mbah Karso ya miƙe da ƙyar, yana shafa gefen gong ɗin. "Ɗana," ya ce, "ko akuyata zagayawa take yi."

Bu Retnaningsih ta rufe littafinta, ta yi murmushi.

"Pak, na daɗe ban ga yara masu tarbiyya irin waɗannan ba. Zalunci ne a raba ka da su yanzu. Zan rubuta a bar ka a nan, har su gama koya maka."