Zanoreli ta Toranke

Ana gab da bikinmu na ga wani suna yana yawan kiran wayar Nura: Zanoreli. Na bincika, na gano sunan dangi ne a Italiya, na wasu 'yan gidaje a ƙauyen tsaunuka. Zuciyata ta zana mini ita, doguwa, gashi har gadon baya. Har waƙar rabuwa na rubuta.

Da ya zo zance na ce, "Malam Nura, ko ni ko Zanoreli."

Washegari ya kawo min ita ƙofar gida. Tsohon direba ne ɗan Toranke, wanda sunan ubangidansa Bature ya bi shi tun zamanin aikin hanya. Shi zai ɗauko lefena.

Har yau in motar direban ta tsaya, Nura yakan ce, "Gyara ɗaurinki, budurwata ta iso."