Littafi na Shida Yana Wurina

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Ɗab'i na Hantsi Leƙa Gidan Kowa,
Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, a ranakun da aka samu yin sa. Ina gaida iyali, musamman uwargida Hajiya Delu, wadda ban taɓa gani ba amma na san irin miyar da take yi, kamar yadda bayani zai zo.

Sunana Talatu Sambo, malamar aji huɗu a wata firamare a Unguwar Kanawa. Ni ce na zo ofishinka a watan Rajab na bara, na yafa sabon mayafi, na rungumo littattafan rubutu biyar masu shafi tamanin-tamanin, cike da labarin soyayyar Lami da Rabe. Shekara biyu na yi ina rubuta shi a teburin aji, duk lokacin da yara suka fita tara. Ba ni da wani kwafi, kuma ban san ana ajiyewa ba. Na ɗauka kamfanin ɗab'i kamar tela yake, ka kai yadi a ce ka dawo Laraba. Ashe ban yi kuskure sosai ba, don Larabar tela kuka yi ta ba ni.

Cikin ladabi, ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Sau goma sha ɗaya na taka zuwa ofishinka. Kullum sakatariyarka Binta za ta tarbe ni da fara'a, ta ce ka tafi Zariya, ko kana mitin, ko ka fita salla. Sau huɗu ina zuwa ƙarfe goma na safe ana ce mini ka fita salla. Allah ya karɓi walaha, ya sa mu a cikin addu'a. Bencin ƙofarka kuwa ya san ni har ya daina ƙara in na zauna.

Na biyu. Bayan wata goma sha huɗu, amsarka ta iso, layi uku, da sa hannunka da koren biro. Ka ce matan ƙasar nan ba su da lokacin karatu, saboda haka labarina ba zai samu mai karantawa ba. Littattafaina kuma, ka ce ana kan nema. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka. Da hedimasta ya tambaye ni, na ce masa garin alli ne ya shigar mini ido.

Na uku. Sati biyu bayan haka, na shiga bas daga Kawo zuwa kasuwa, sai na ji mata biyu a bayana sun kaure da gardama. Ɗaya tana cewa, "Wallahi Raben nan sakarai ne, ya za a yi ka ba ɗan kamasho wasiƙar budurwarka?" Ɗayar ta ce, "Ke dai bari, ni Lamin ce take ba ni haushi, zurfin ciki kamar me!" Ranka ya daɗe, sai da kwandasta ya buga mota sau uku kafin na tuna inda zan sauka. Na waiwaya na tambaye su a ina suka san mutanen nan. Suka ce ai wani labari ne yake zagaya Hayin Banki, gida-gida, kowace mace kwana biyu. Ɗayar ma, mai kirki, ta ce za ta yi mini hanya in shiga layi bayan matar mai kanti. Ni da na haifi Lami, ni aka sa a layi in gan ta. Shin waɗannan matan ba 'yan ƙasar nan ba ne, ko kuwa daga Nijar aka yo hayarsu?

Na huɗu. Na bi sawu. Binta ce ta tafi da littattafan gida, wai na Asabar da Lahadi kawai. Daga hannunta sai gidanka, daga gidanka sai wani gidan suna, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Kwana tara na yi a layi kafin littafi na uku ya faɗo hannuna. Bangonsa ya tafi. Wata baiwar Allah ta ɗinke shi da baƙin zare, ina yi mata godiya. A shafi na arba'in akwai shaidar miyar ɗanyen kuɓewa da manja, kuma masu aro sun haɗu a kan cewa daga gidanka ya fito da ita. A gefen kowane shafi an yi sharhi: "Allah ya isa, Rabe." "Kamar maigidanmu sak." "Mai littafin nan ta ji tsoron Allah, ta haɗa su." Na ƙirga rubutun hannu ashirin da uku daban-daban. Littafin da ba shi da mai karantawa kenan. Da yana da su fa, da sai a kira 'yan kwana-kwana?

Na biyar, kuma a nan ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Shekara tara ina duba aikin yara arba'in kullum. Ko yaro bai rubuta sunansa ba, da ganin wutsiyar harafinsa na san ɗan gidan waye. To, a shafi na sittin da biyu, inda Lami ta mayar wa Rabe hankicinsa, wani ya rubuta da koren biro: "Haba Lami, ki saurare shi mana!" Har ya ja layi biyu a ƙasa. Na ɗauko wasiƙarka na jera su a tebur, na sa tabarau, na cire, na sake sawa. Ni dai ban ce komai ba. Mai yiwuwa akwai wanda yake aron bironka, har da hannunka.

Yanzu ga buƙatata. Ka sani, ko in ce an sanar da kai, littafi na biyar ya ƙare ne a tashar Kawo. Lami tana cikin motar Kano, ana kiran saura mutum ɗaya, Rabe kuma yana tahowa a guje, takalmi ɗaya a hannu. Akwai na shida. Ban kawo shi ranar ba don ban gama gyara shi ba. Yana nan a ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwa, babu wanda ya taɓa buɗe shi sai ni. Shekaranjiya Hajiya ta aiko mata biyu da gaisuwa da turaren wuta, wai su ji ko Lami ta sauko. Na ba su ruwan sanyi, na yi godiya, na raka su har bakin titi.

Ina roƙo a tattaro mini littattafaina huɗu da suka rage kafin ƙarshen watan nan, da miyarsu da sharhinsu, kada a goge komai. Shekara biyu ce ta rayuwata a cikinsu. In kamfani ya sake shawara zai buga, madalla. In bai sake ba, a ba ni abuna in kai gaba, ba a kanku aka fara ba. Idan kuwa wata ya ƙare shiru, to Lami za ta zauna a motar nan har abada, saura mutum ɗaya, ni kuma duk wadda ta tambaye ni dalili zan kwatanta mata ofishinka. Mata ashirin da biyu ne, ban da waɗanda ke layi, bencinka kuwa mutum huɗu yake ɗauka.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin koren biro. Ranar da littattafaina suka dawo, na yi alkawari kai zan fara ba aron na shida. Kwana biyu, kamar kowa.

Taka mai biyayya har kullum, wadda ita kaɗai ta san ko motar ta tashi,

Malama Talatu Sambo,
Unguwar Kanawa, Kaduna.