Rasuwar Tayar Baya a Kan Teburin Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu cike da busasshen gam, telan nan na bakin babban titi, wanda abokan tseren keke ke kira Dogo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tayar bayan kekensa. Ta cika a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da dutsen guga. Iyalan ba za su ɓoye ba, ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba.

Marigayiyar 'yar manyan gida ce. Ba irin tayoyin nan ba ce da ake zura wa ƙarfe a ɓamɓare a zaro tub. Nata tub ɗin a cikinta aka ɗinke shi ruf, aka rufe ɗinkin da ƙyalle, sannan aka manne ta a jikin wili da gam. Siririya ce, mai kunya, mai haƙuri da rami. In Dogo ya sako gangara, iyakar maganarta "shuuuu", kuma ya sha faɗa a gaban matarsa cewa duk gidan babu mai daɗin muryarta. Matar ba ta manta ba.

Ita ce za ta kai shi tseren ranar Lahadi, wanda shi ne na ƙarshe a rayuwarsa, don likita ya duba gwiwarsa ya ce daga wannan sai kallo. Irinta kuwa ba a samu a shagunan kusa. Ko yau aka aika a kawo, sai an gama tsere an share titi za ta iso.

Ciwon ajali ya same ta ne a hanyar gida, inda tsinin kwalba ya soke ta, ta ce "fiiiis", ta kwanta. Mai faci ya jujjuya ta, ya ce wannan aikin ɗinki ne, a bar masa ita. Ɗinki, a gaban tela! Dogo ya fizge abarsa ya wuce ko sallama babu.

A shago ya yage ta daga jikin wili, gam na ƙara kamar ana feɗe akuya. Ya danna kanta cikin bokitin ruwa har ta yi kumfa ta nuna inda ke mata ciwo. Ya ɓare ƙyallen, ya farke cikinta da reza, ya zaro tub ya kankare shi, ya ɗora faci, ya mayar. Har nan babu mai laifi.

Sai aka zo rufe ciki. Masu wannan aiki tsofaffin ramukan allura suke bi, ɗaya bayan ɗaya, ba sa ƙara ko guda. Dogo ya dubi ɗinkin kamfani ya ja tsaki. Warara, sai ka ce na ɗan koyo, shi kuwa bai taɓa sakin aiki haka ba. Ya huda nasa sababbi, kusa-kusa irin na wuyan riga, ya ja zare har jijiyar wuyansa ta tashi. Ɗinki ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Sai dai gefen fatar ya zama rariya.

Da aka soma buga mata iska da famfo ta ɗan yi nishi. Dogo ya ƙara. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fam!"

Cikinta ya dare, zare ya watse, dutsen guga ya faɗo masa a ƙafa. Ya yi baya ya daki madubi, gilas ya tsaga masa gira, jini ya yi tsartuwa a kan farin yadin mutane. Nan idonsa ya rufe. Ya shaƙe gawar, ya maka ta da bango, ya tattake ta, ya ɗauki almakashi yana caka mata har sai da matarsa ta riƙe masa hannu. Sannan ya zauna a ƙasa ya rungume ta, ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro. Har yanzu dai famfo yake zargi.

Ta rasu ta bar 'yar uwarta tayar gaba, da wili wanda ya zama gwauro, da famfon da aka ambata, da wata rigar tsere a rataye wadda Dogo ya riga ya ɗinka wa lambarsa da hannunsa.

Matarsa ta nemi a ba ta gawar ta yayyanka ta ɗaure tsintsiya, an hana. Za a rataye marigayiyar a ƙusa bisa ƙofar shago ranar Lahadi da safe, daidai lokacin da 'yan tsere za su wuce ta bakin titin. Mai makoki zai kasance a ciki, ƙofa a rufe, yana taka keken ɗinki da ƙarfi don kada ya ji "shuuuu" ɗin tayoyin wasu. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su zo a ƙasa. Wanda duk ya zo a keke, ya san almakashin na nan kan tebur.