Motar da ta yi ta fashewa

Da na yi rajistar hayar faifan DVD, har ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai aka kawo mini sabon fim. Na tara 'yan ɗakin, na sa faifan ina hura hanci.

Wata mota ta fashe, kiɗa ya tashi. Sai motar ta dawo lafiya lau, ta sake fashewa. Haka ta yi ta yi.

"Malam, ba motar ɗazu ba ce?" in ji Ishaya.

Ni ma kaina ya ɗaure, amma na ce, "Salon sababbin finafinai ke nan."

Har shayinmu ya huce kafin Ishaya ya karɓi rimot ya danna. Ashe fim ɗin bai ma fara ba, hoton farko ne ke jiran a danna.

Har yau, in na maimaita magana, sai wani ya ce, "Yalla, a danna masa rimot."