Yadda Ake Rainon Furen Kurmi a Ɗaki Har Suruki Ya Dawo

Kai da aka damƙa wa shuka a kasko, matso kusa. In ka bi matakan nan bakwai ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari kafin baɗi sunanka zai zaga Tambuwal ya gangara har Kebbe. Ba ji na yi ba. A gaban idona maƙwabcina Lauwali ya bi su daki-daki, kuma har yau ba a daina zancensa ba.

1. Karɓi da hannu biyu, kada ka yi tambaya

Surukin Lauwali shi ne Madugu Ɗanmaliki na Kebbe, mai jan ayarin goro zuwa Gwanja. A wata tafiya ya zo da 'yar itaciya daga kurmi, ganyenta na sheƙi kamar an shafa mai, furenta ja wur, faɗinsa ya kai tafin hannu. Da zai sake fita da bazara, ya biyo ta Tambuwal don ya sallami 'yarsa Inno, ya dire kaskon gaban mijinta.

"Ga amana," in ji shi. "In na komo na iske ta da rai, jakai biyar naka na, baɗi ka bi ayari."

Lauwali tun yana saurayi shi da fartanya ba sa ga maciji. Da ya ji jakai biyar har kunnensa ya motsa. Madugu ya buɗe baki zai faɗi yadda ake kula da ita, sai Lauwali ya tari numfashinsa: "Haba Baba, wagga ko cikin barci na san ta."

Yi koyi da shi. Tambaya a gaban suruki tallan jahilci ce, kuma jahilcin da aka rufe da babbar riga rabin ilimi ne.

2. Kai ta ƙuryar ɗaki

Abu mai daraja ba a barinsa a rana kamar shanyar barkono. Nemi lungun da ko tsakar rana sai an lalubo, ka ajiye ta, ka saki asabari. Mutanen gari suna da baki, kuma ka san abin da baki ke yi wa abu mai kyau.

Inno ta leƙo ta ce, "Malam, gidanmu bakin ƙofa Baba ka aje ta, ta sha hantsi."

"Can Kebbe ke nan," in ji Lauwali. "Nan birni na."

3. Ciyar da ita kamar baƙon kirki

Ba ta ruwa bayan kowace salla, ko ƙasar ta bushe ko tana tsatsafa. In ganye ya fara rawaya, yunwa ce. Lauwali ya dama mata fura, ya bi da kindirmo. Da ya ga ta ƙara langaɓewa ya karɓo rubutu, ya sha rabi ya zuba mata rabi, don a yi adalci.

Kwana biyu ɗakin ya ɗauki tsami, kiyashi suka yi sahu daga bakin ƙofa. Kada wannan ya dame ka. Inda arziki yake, nan jama'a ke taruwa.

4. Manta da gona

Damina ta sauka, kowa ya duƙa. Lauwali ya yi shuka dai don kada a ce bai yi ba, amma ran da ake noman fari yana ɗaki yana goge ganye da bakin rawaninsa. Na same shi na ce ciyawa ta kai gwiwa a gonarsa ta hanyar Jabo.

"Gero ya san hanya tun zamanin kakanni," ya ce da ni. "Wagga ita ce baƙuwa."

Gaskiyarsa. Mai jiran jakai biyar ba ya sunkuya wa ciyawa.

5. In ta yi fure, kai ne

Duk ranar da Lauwali ya tafi cin kasuwar Dogon Daji, Inno takan fito da kaskon. Ta zubar da ruɓaɓɓiyar ƙasar, ta sa sabuwa mai yashi da ɗan taki, ta huda gindin kaskon don ruwa ya riƙa wucewa, ta bar ta ta sha hantsi, ta mayar kafin ya dawo. Ana nan, ran wata Laraba, sai ga fure ya buɗe.

Lauwali ya sa rigar salla ya zauna a zaure, yana shigar da mutane bibbiyu. Wanda ya tambayi sirrin, sai ya sunkuyar da murya ya ce, "Kindirmo na, amma sai wanda ya kwana."

Ranar ce wani dattijo ya ɗaga kaskon don ya duba da kyau, ruwa ya ɗigo masa a ƙafa. Lauwali ya ga hudar, ya ƙwala wa Inno kira.

"Wa yaf fasa kaskon Baba?"

"Ni ce, Malam. Nutsewa taka yi."

"Ashe ke ce kika zubar mata da abinci ta ƙasa!"

Ya liƙe hudar da yumɓu, ya ɗaure ƙyauren ɗakin, ya hana kowa shiga. Haka za ka yi. Nasara taka ce kai kaɗai, kada ka bari wanda ya kawo ta ya sake kusantarta.

Kwana ashirin, abin da ya rage a kaskon tsinke ne baƙi, mai wari.

6. Nemi mai kama da ita

Bayan kaka labari ya zo ayari ya sauka Jega. Kada ka tsaya kuka, fure duk fure ne. Da hantsin ranar da Madugu zai iso, Lauwali ya tsallaka garkata ya tono kuɓewa guda, wadda mu nan muke ce wa guro, da furenta da saiwarta, ya dasa a kaskon. Ina kallonsa ta kan darni. Ban yi magana ba, don ina son in ga ƙarshen karatun.

7. Riƙe maganarka ko ƙasa za ta tsage

Madugu ya sha ruwa, aka gaisa, ya ce a kawo amana. Aka dire masa. Ya dubi furen, ga shi rawaya.

"Ja nib bar ta, Lauwali."

"Ruwan Tambuwal na, Baba. Shi ka sauya launi."

"Ganyen fa?"

"Kewarku ce tas sa shi yin ƙaiƙayi."

Madugu ya sa hannu ƙarƙashin ganye, ya tsinko ɗan guro matashi, ya gatsa, ya tauna a hankali.

"Lalle ƙasarku da albarka," in ji shi. "A ba ta fure, ta maido miya."

Ya miƙe ya ce zai shiga ya ga 'yarsa, Lauwali na biye da shi kamar wanda za a kai gaban alƙali. Inno ta zaga da su bayan madafa, inda take zubar da ruwan wanke-wanke, wurin da ƙafar Lauwali ba ta taɓa takawa ba tun da aka gina gidan. Ga itaciya nan cikin shingen ƙaya ta kai ƙugu, furanni fuɗu ja wur suna kallon rana. Reshe ɗaya Inno ta karya ta kafa tun farkon damina.

Lauwali ya ce, "Don mi ba ki faɗa mani ba?"

"Da na faɗa, Malam, da ita ma ka kai ta ɗaki."

Madugu bai yi dariya ba. Ya leƙa rumbu, ya ga damin gero bai kai goma ba, ya rufe.

"Ni ba ni tashin magana. Na iske ta da rai, amma wanda yar raya ta shi ad da jakai. Na Inno na. Kai ko, tunda rumbu ba ya kai ku bazara, ka riƙa kora mata su kasuwa, ta sallame ka."

In ka ga wani mutum ran kasuwar Dogon Daji yana bin jakai biyar da sanda, mutane na gaishe shi da Sarkin Guro, shi ne. Yakan amsa, don in bai amsa ba sai su ƙara murya.

Hattara

Ni suna na yi maka alkawari, ban ce wane iri ba. In shukarka ta mutu, ko rumbunka ya yi amo, ko ka wayi gari yaron jakan matarka, kada ka doso zaurena da ƙara. Ni ban taɓa rainon fure ba, ba ni da suruki madugu, kuma in an kira ni shaida zan ce ranar ina gona.